Yayana ya karye, masu bin bashi sun cika ƙofar gida: mene ne mafita?

Baban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawara, don kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara yana sayen shinkafa shanshera a hannun manoma a yankinmu na Kura, ya ajiye, ya cashe, ya kai kasuwa. Yawanci da baki ake yi: a auna, a ɗinke buhu, a ce sai bayan kasuwa biyu. Bara ya saye kaya da tsada ya cika sito, sai farashi ya faɗo. Ya yi ta jira ko zai tashi, bai tashi ba. Jiya da daddare muka zauna da littafinsa muka yi lissafi. Mutum goma sha ɗaya na bin sa naira miliyan 7 da dubu 200. Akwai kuma wani ƙaramin banki da ke bin sa miliyan 1 da dubu 200, injin casarsa ne jingina, ni kuma na sa hannu na tsaya masa. Abin da ya rage: buhu 60 a sito, babur, injin, da rabonsa a gonar gado da ba a raba ba. Shekaranjiya wani ya zo da yaransa ya tura babur ɗin ya tafi. Wani kuma ya ce gobe zai zo da 'yan sanda. Mahaifiyarmu tana ɗaki tana jin komai. Shin a doka akwai hanyar da mutum zai fito ya ce na karye, a raba abin da ya rage, a bar shi ya numfasa?

Ɗan Kadawa:
Innalillahi. Allah ya kawo mafita. Bana ba shi kaɗai ba ne, duk wanda ya yi ajiya ya ji a jikinsa.

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiya ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni ina ɗaya ɓangaren. Kuɗin adashena na wata goma na ba wani mai awo a garinmu ya juya, da aka zo biya ya ce ya karye. Bayan wata huɗu sai ga shi ya yi wa ɗakin amaryarsa sabon rufin kwano. Har yau ko sisi. Don haka in na ji an ce a bar mutum ya numfasa, sai in ce mu da aka cinye wa guminmu fa, wa zai bar mu mu numfasa? Manoman nan goma sha ɗaya su ma suna da iyaye a ɗaki.

Baban Sadiya:
Gaskiyarki Hajiya, ban musa ba. Biyu daga cikinsu ma da kuɗin za su sayi takin rani. Shi ya sa nake so a yi abin a fili.

Barista:
Assalamu alaikum. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa, wato maganar gobe. Bashi ba laifi ba ne da ake kulle mutum a caji ofis saboda shi. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai, haka ma dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015. Sun kuma hana kama wani a madadin wani, don haka ba a ɗaukar ƙane ko mata a ce sai mai bashi ya fito. Amma a kula: in akwai yaudara tun farko, ko ya ba da cekin banki alhali ya san babu kuɗi a asusun, wannan ya fita daga bashi ya zama laifi. In aka gayyace shi ya je, kada ya gudu, ya tafi da littafinsa da wani babba.

Sai tambayarka. E, akwai dokar karayar arziki a Najeriya, tun 1979. Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumin ayyana mutum a matsayin wanda ya karye, haka tsarin mulkin 1999 ya tanada a sashe na 251. Akwai ta a Kano, akwai ta a Dutse. Ana shiga ta ƙofa biyu. Ko shi wanda ake bi ya kai kansa ya rubuta cewa ya kasa biya, ko mai bin bashi ya shigar da ƙara. Mai bin bashi ba ya tashi haka kawai, sai ya nuna wani abu da doka ta ɗauka alamar karaya ce. Wanda aka fi sani shi ne ya riga ya yi nasara a kotu, aka kai wa mutumin takardar gargaɗi, kwana 14 suka wuce bai biya ba. Mafi ƙarancin bashin da dokar ta ambata naira 2,000 ne, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka tsufanta.

In kotu ta gamsu, sai ta ba da umarnin riƙe dukiya. Daga nan dukiyar ta shiga hannun jami'in da kotu ta ɗora, masu bin bashin da ba su da jingina kuma ba su da damar kowa ya yi gaban kansa sai da izinin kotu. Mutumin zai rubuta duk abin da ya mallaka da duk wanda ke bin sa, bisa rantsuwa, a yi masa tambayoyi a bainar jama'a. Yana iya kawo tayin sulhu, misali zan biya kaza cikin kaza. In masu bin sa suka karɓa kotu ta amince, shi ke nan. In ba haka ba a ayyana shi, a naɗa amintacce ya sayar da kaya ya raba. Ana bar masa tufafi, shimfiɗa da kayan sana'a daidai gwargwado.

Ɗan Kadawa:
To ai shi ke nan Barista, gobe su kama hanyar Kano.

Barista:
A'a, ban ce haka ba. Na faɗi abin da ke rubuce ne. In ƙanena ne ba zan tura shi can da fari ba. Kuɗin lauya, kuɗin takardu, zirga-zirga daga ƙauye, da tsawon lokaci, duk daga cikin ɗan abin da ya rage za su fita, manoman ne za su yi asara. Ga kuma tabon da ke biyo baya: muddin kotu ba ta sallame shi ba, ba zai tsaya takarar majalisa ko gwamna ba, ba zai zama daraktan kamfani ba, kuma karɓar sabon bashi ba tare da ya faɗi halin da yake ciki ba laifi ne. A aikace mutane ƙalilan ne ke bin wannan hanya a ƙasar nan. Abin ɗauka a cikinta shi ne tsarinta: a tsayar da wawaso, a bayyana komai, a raba daidai gwargwadon bashin kowa. Wannan kuwa ana iya yin sa a zauren dagaci, a rubuta, a kai kotu ta tabbatar.

Alhaji Mai Ridi:
Barista ina da tambaya. Ni na yi rajistar sunan kasuwancina, ina da satifiket a bango. An ce min in abu ya lalace, shagon kawai za a taɓa, ban da gidana. Haka ne?

Barista:
Alhaji, duba takardar da kyau. In rajistar sunan kasuwanci ce kawai, kai da shagon abu ɗaya ne, bashinsa bashinka ne har gida. In kamfani ne mai iyakantaccen alhaki, shi mutum ne daban a idon doka, kuma dokar kamfanoni ta 2020 ce ke aiki a kansa, ba ta 1979 ba. A can, wanda ke bin kamfani kuɗin da ya haura adadin da aka ƙayyade yana iya kai masa takardar neman biya, in mako uku suka wuce shiru ya nemi kotu ta rushe shi. Dokar ta kuma kawo hanyoyin ceto kamfani kafin a kai ga rushewa. Amma ko da kamfani ne, in ka sa hannu a banki cewa kai da kanka ka tsaya masa, an dawo gidan jiya.

Alhaji Mai Ridi:
Na duba. Sunan kasuwanci ne. Allah ya sa na tambaya.

Malam na Tsangaya:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na karanta duka. Abin da Barista ya kira tsari, malamanmu na Malikiyya sun yi masa babi guda tun da daɗewa, babin taflisi, kuma da shi alƙalanmu ke aiki. Mufallasi shi ne wanda bashi ya kewaye dukiyarsa. Tun kafin a je gaban alƙali, wanda ya kai wannan hali ba shi da ikon yin kyauta da dukiyarsa, kuma ba shi da ikon kwashe duk abin da ke hannunsa ya ba mutum ɗaya ya bar saura. In masu bin sa suka kai ƙara, alƙali zai hana shi taɓa dukiyar, a sayar a gabansa, a raba gwargwadon bashi. Bashin da lokacinsa bai yi ba ma ya zama na yanzu, don kada mai shi ya tashi a tutar babu. Ana bar masa abin da zai ci da iyalinsa zuwa wani lokaci, da tufafin da ya saba sawa. Kayan aikin mai sana'a kuwa malamai sun yi taraddudi a kansu.

Hajiya Maman Khalifa, shari'a ba ta manta da ke ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne. Wanda ake zargin ya ɓoye dukiya, alƙali na iya tsare shi har gaskiya ta fito. Wanda kuma aka tabbatar ba shi da shi, ya kawo shaidu ya yi rantsuwa, Allah ya ce a Suratul Baƙara aya ta 280 a jira shi zuwa lokacin sauƙi. Mutum biyu ne daban, kuma aikin alƙali shi ne ya bambance su.

Maman Khalifa:
Allah gafarta Malam, to shi wanda ya mayar da komai sunan matarsa fa?

Malam na Tsangaya:
Abin da yake nata tun asali, sadakinta, gadonta, awakinta, kayan ɗakinta, babu mai taɓawa, don ba ita ta ci bashin ba. Abin da ya ba ta bayan bashi ya riga ya kewaye shi, masu bin sa suna da ikon su nemi a warware kyautar.

Barista:
Dokar gwamnati ma haka. Abin da aka sauya wa suna don a guje wa masu bashi, ko aka fifita wani mai bin bashi da gangan gab da karyewa, kotu na iya dawo da shi cikin tukunya, wato dukiyar da za a raba. Hajiya, in kina da shaidu ko saƙon waya, ƙararki ba ta mutu ba. Kotun shari'a ta yankinku na iya saurara, akwai kuma kotun ƙananan ƙararraki da ba sai da lauya ba.

Baban Sadiya:
Na gode ƙwarai. Ga wani abu da ya taso yanzu bayan la'asar. Cikin buhu 60 ɗin, 18 na wani dattijo ne daga Garun Malam, Baba muke ce masa. Ko buɗe su ba a yi ba, ɗinkinsa ne da jan zare, ga alamarsa da shuɗin fenti a gefen kowane buhu. Ba a ba shi ko kwabo ba. Ya zo ya tsaya a bakin sito ya ce shi ba ya son rigima, a ba shi kayansa kawai. Sauran suka ce ba a isa ba, in za a raba a raba duka.

Ɗan Kadawa:
Ni ina ganin sauran sun fi gaskiya. Kowa shanshera ya kawo. Don na wani an riga an cashe an sayar, na Baba kuma yana ƙasan lodi, sai ya fita da nasa cif, su su karɓi rabi? Sa'a ce kawai ta raba su.

Malam na Tsangaya:
Ɗana, na fahimci abin da ya dame ka, amma a nan akwai nassi. Hadisi ne ingantacce daga Abu Huraira: wanda ya sami kayansa da idonsu a wurin mutumin da ya karye, shi ya fi kowa cancanta da su. Sharaɗin shi ne kayan suna nan yadda suke. Malamai sun yi misali da alkama: in an niƙa ta, magana ta canza, mai ita ya shiga layi da kowa. Buhunan Baba kuwa ko zaren ba a warware ba. Sai dai a mazhabarmu sauran masu bin bashi suna da zaɓi: in suna ganin riƙe buhunan ya fi musu, su biya Baba kuɗinsa cikakke su riƙe. Kuma Imamu Malik ya bambanta karaya da mutuwa. Da mai sayen rasuwa ya yi, Allah ya kiyaye, da Baba ya zama daidai da kowa.

Ɗan Kadawa:
Na karɓi hadisi, Malam. Amma zuciyata tana tare da wanda ya kawo nasa da wuri.

Barista:
A nan doka ta gwamnati ta ɗan sha bamban, gara ku sani. A wurinta in an gama ciniki an miƙa kaya, galibi mallaka ta koma hannun mai saye, mai sayarwa ya zama mai bin kuɗi kamar kowa, sai in an rubuta tun farko cewa kaya nasa ne har a biya. Tunda dukkanku Musulmi ne kuma a gida za a yi sulhun, ku amince tun farkon zama cewa da hukuncin Malikiyya za a yi, a rubuta hakan a saman takarda. In ba haka ba, wanda bai ji daɗi ba zai canza kotu daga baya.

Malama Uwar Marayu:
Ni tambayata a kan injin ce. Me ya sa banki zai ɗauke inji shi kaɗai, talakawa su raba ragowa?

Barista:
Saboda jingina, Malama. Mai jingina yana gaba a kan abin da aka jinginar masa, a dokar gwamnati da ta Musulunci duka. In an sayar da injin ya haura bashin banki, rarar ta dawo tukunya. In bai kai ba, banki ya shiga layi da ragowar. Tun 2017 akwai dokar da ta ba da damar jinginar da kayan da ake iya ɗauka, irin su inji, dabbobi da amfanin gona, ana rajistarsu a wani kundi ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya. Baban Sadiya, ku nemi kwafin takardar da kuka sa wa hannu ku karanta. Kuma kada kowa ya sayar da injin a ɓoye, wannan zai mayar da bashi laifi.

Kai kuma da ka tsaya masa, in faɗa maka gaskiya: in yayanka ya gaza, kai za su nema, kuma yawancin takardun nan ba sa tilasta musu su fara gamawa da shi. Ku je bankin da ƙafarku kafin su zo, ku nemi a sake tsara biyan. Yayanka ma ya sani, tun 2020 akwai tsarin da ke ba banki damar cire bashinsa daga wasu asusun mai bashi ta hanyar BVN in ya sa hannu a kan hakan. Kada ya karɓi kuɗin jama'a ta asusunsa a kwanakin nan.

Baban Sadiya:
Wallahi ranar da na sa hannun ko karantawa ban yi ba. Yaya ne, ya ce sa nan, na sa.

Alhaji Mai Ridi:
Gonar gadon fa? Ni a ganina a sayar a huta.

Malam na Tsangaya:
Rabonsa kaɗai, Alhaji. Ba a sayar da haƙƙin mahaifiyarsu da 'yan'uwansa mata don bashin da ba su ci ba. A fara raba gado, a san nasa. In 'yan'uwa za su iya, su saye rabon nasa da farashin da dillalai biyu ko uku suka yi masa, gona ta zauna a gida, kuɗi su shiga tukunya.

Barista:
A kuma sa dagaci da ƙaramar hukuma a ciki, don dokar filaye ta 1978 ta nemi amincewar ƙaramar hukuma wajen sauya hannun irin wannan gona.

Ga yadda lissafin zai kasance, Baban Sadiya. A cire Baba da buhunansa da bashinsa gefe in an amince. A cire inji da banki gefe. A dawo da babur, don wanda ya tura shi ba shi da wannan iko, sai dai a yi masa kuɗi a lissafa cikin rabonsa in kowa ya yarda. A tara kuɗin sauran buhu 42, babur da rabon gona. A ce bashin da ya rage miliyan 6 ne, abin da aka tara miliyan 3. Kowa zai sami rabin nasa: mai bin dubu 800 ya karɓi dubu 400, mai bin dubu 100 ya karɓi dubu 50. Ba a duba wanda ya fi ƙarfin murya ko wanda ya fara zuwa. In akwai leburorin da ke bin kuɗin aikinsu, dokar gwamnati tana sa haƙƙin ma'aikata a gaba, ku fara sallamarsu.

Maman Khalifa:
To ragowar rabin fa? Ya tafi ke nan?

Barista:
A kotun tarayya, in aka sallami mutum, yawancin ragowar bashin ya faɗi a doka, ban da wanda aka ci ta hanyar zamba. A sulhu kuwa abin da kuka rubuta shi ne.

Malam na Tsangaya:
A wurinmu bai faɗi ba, Hajiya, sai in mai shi ya yafe da bakinsa. Ba za a matsa masa ba muddin ba shi da shi, amma ranar da Allah ya buɗa masa, bashi na nan. Ko mutuwa ya yi, sai an biya kafin a raba gado, Suratun Nisa'i ta faɗa. Kuma jama'a su tuna, wanda bashi ya danne ba ta hanyar saɓo ba yana cikin mutum takwas da Suratut Tauba aya ta 60 ta ce a ba zakka. Masu fitar da zakkar hatsi a yankin su duba wannan gida.

Maman Khalifa:
In dai za a rubuta cewa ragowar na nan, ni da a ce haka aka yi min da ban riƙe kowa a zuciya ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne ɓoye-ɓoye. Baban Sadiya, ka ce wa yayanka ya fito da littafin nan ya ajiye a tsakiyar tabarma, kowa ya gani da idonsa.

Baban Sadiya:
Jama'a ga inda aka kwana. Da safe mun je wurin mai unguwa, ya kai mu gaban dagaci. An aika wa mutum goma sha ɗayan, tara sun zo. Mai maganar 'yan sanda ya zo shi ma, da ya ga an buɗe sito an ƙirga buhu a gabansa sai ya zauna. Yaya ya karanta sunan kowa da abin da yake bin sa, muryarsa na rawa, mutum biyu suka ce nasu ya fi haka, aka kira wanda ya yi awon ya tabbatar da na ɗaya, na ɗayan kuma an bar shi sai an kawo shaida. Limamin garinmu ya yi bayanin buhunan Baba kamar yadda Malam ya faɗa. An yi ta ja, daga ƙarshe Baba da kansa ya ce zai ɗauki 12 ya bar 6 a tukunya. An sa wa sito kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun dagaci, ɗaya a hannun wanda masu bin bashi suka zaɓa. Babur har yanzu bai dawo ba, mutumin ya ce sai ya yi shawara. Ranar Litinin ni da Yaya za mu banki. Barista, in mun rubuta takardar sulhun zan turo maka hotonta ka duba kafin kowa ya dangwala.

Barista:
Turo. Ku tabbata an rubuta sunan mutum biyun da ba su zo ba da adadin kuɗinsu, a ware musu rabonsu a ajiye. Sulhun bai hau kansu ba sai sun sa hannu.